Rawayar Dikko

A Argungu in ka ji an ce "Dakta", kada ka yi saurin zaton wanda ya yi karatun likita ake nufi. Akwai Dikko. Dikko Mai Rawaya, mai maganin shawara, wanda yake kafa babur ɗinsa a bakin kasuwa daura da masu kifi, ya ɗaure lasifika a bayan babur, ya jera gorunan roba cike da wani ruwa mai kalar ɗorawa. Shi ne wanda jikarsa Rauda, 'yar shekara shida, ta kwanta a wani asibiti a Birnin Kebbi da ciwon hanta, ranta yana hannun Allah, bayan haka kuma yana rataye da wata 'yar ledar ƙarin ruwa. Sai dai kafin a kai ga Rauda dole a san kakanta, don in ba a san shi ba, ba za a yarda mutum mai furfura zai aikata abin da ya aikata ba.

Ɗan masunta ne. Ubansa a cikin ruwa ya tsufa, yayyensa duka da gora da homa suka tashi. Shi ma an kai shi gulbi yana yaro, amma kullum sai ya dawo da gora fayau da labarin wani ƙaton giwan ruwa da ya kufce masa. Da aka gaji da labarin kifin da ba a taɓa gani ba, aka tura shi Augie wurin kawunsa ya koyi noman albasa. Bai yi wata guda ba ya fara koya wa kawun nasa yadda ake ajiyar albasa, mutumin da ya shekara talatin yana yi! Kawun ya bar masa rumfa guda ya gwada iliminsa. Albasar ta ruɓe har maƙwabta suna toshe hanci, Dikko ya ce iskar bana ce ba ta da kyau. Ya koma shinkafa a fadama, ta ƙi, ya ce injin ban-ruwa ne. A tsawon rayuwarsa ba a taɓa jin ya ce laifina ne ba, ko da wasa. Abu guda Allah ya ba shi a wadace, shi ne baki.

Maganin shawarar ma ba nasa ba ne, na uwarsa ne, Inna Balaraba. In aka kawo mata yaro idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, sai ta jiƙa saiwar rawaya, ta tsiyaye ruwan tsararo, ta ce a riƙa ba shi da kunu, a bar shi ya kwanta, kada a dame shi. Mafi yawan yaran suna tashi. Ba abin mamaki ba ne, don shawarar da yara suke ɗauka a ruwa marar tsabta yawanci da ƙafarta take tafiya in yaro ya huta ya ci ya sha. Tsohuwar ba ta san wannan a karance ba, amma ba ta da surutu, kuma in ta ga yaro ya fara barcin da ba na lafiya ba takan ce wa iyayensa wannan ya fi ƙarfinta, su nemi gaba.

Da ta rasu Dikko ya gaji turminta da sunanta, hankalin kuwa ta tafi da abinta. Ya duba maganin ya ga ya cika shiru. Mutum ya sha, ba amai, ba murɗar ciki, ba komai, to da me za a san Dikko ya yi aiki? Sai ya zuba filasko, ganyen nan mai sa gudawa, ya ƙara da wasu ɗaɗɗatan itatuwa da shi kansa bai san abin da suke yi ba. Ya kuma tsara wa abin bayani, irin wanda yake shiga kunne. Wai shawara rini ce, ta rina jini, kuma ba a fitar da rini sai da wanki, ta sama da ta ƙasa. Iyaye su ɗura wa yaro, yaro ya yi ta amai da zawo, su leƙa fo su ga ɗorawa, su ce Allahu akbar, ga ta nan tana fita. Wanda ya warke, Dikko ne ya warkar da shi. Wanda ya mutu kuwa, ko an makara kawo shi, ko kuma an yi masa allura a ɓoye.

Allura! Nan ne karatun Dikko ya fi ƙarfi. Ba shi ya ƙirƙiri maganar ba, kowa ya tashi ya ji tsofaffi suna cewa ba a yi wa mai shawara allura, in an yi sai gawa. Amma shi ya mai da ita tuta. Da ita yake buɗe kasuwa, da ita yake rufewa. Yakan ɗaga yatsa ya ce, "Ku kai shi asibiti in kun gaji da shi. Suna soka mai ƙarhe, ku je ku nemi likkahwani." Mata su riƙe baki, su miƙo hannu su karɓi gora. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa waɗanda ake kai wa asibiti a ƙarshe su ne waɗanda ya riga ya wanke har ba su iya ɗaga kai ba.

Kuma kada ka ɗauka shi yake wahalar haɗawa. Ina! Matarsa Baiwa ita take daka, ita take jiƙawa, ita take tacewa. Shekara da shekaru tafin hannunta bai rabu da kalar rawaya ba, har mata suna tsokanarta wai ta huta da sayen lalle. Shi kuwa farar riga tas, da hula, da tabarau da ya saya a tasha wanda ba na ƙarin gani ba ne ba na rana ba. Wani direba ne ya fara kiransa Dakta don shaƙiyanci. Dikko ya amsa da gaske, har ya sa aka rubuta masa a jikin babur.

A yi masa adalci a wuri guda. Bayan muryarsa, akwai abin da yake so a duniya, ita ce Rauda. 'Yarsa Fiddausi ta auri Zulkifli, wani yaro mai kunya da yake gyaran injinan ban-ruwa, suna zaune a Badariya a Birnin Kebbi, kuma Rauda ce 'yar farinsu. Saboda 'yar fari ce, Fiddausi ba ta kiran sunanta, ba ta kuma jan ta a jiki a gaban manya, sai dai "yarinyag ga". Kakan ne ya ɗauke ta kacokan. Amaryata, haka yake kiranta, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho sai ya kawo kifi. In an ba da hutu a Argungu take yi. Ta hau gaban babur, ta riƙe masa goruna, kuma duk garin ita kaɗai ce take ce masa Dakta ba tare da ta ɓoye dariya ba. Wata rana ta kwaikwayi kirarinsa na kasuwa da 'yar siririyar muryarta: "Shawara, tattara kayanki, Dakta ya zaka!" Dikko ya yi dariya har da hawaye. Ya ɗauki muryar a waya, ya kai aka sa masa ita a lasifika. Tun daga ranar ita take kira masa kasuwa, kuma ciniki ya ƙaru, don mata suna jin muryar yarinya sai su juyo.

Shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya shanye fadama ya shiga rijiyoyi, shawara ta bazu a cikin yara. Mutane suna kukan shinkafarsu, Dikko kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Baiwa ta yi daka har kafaɗarta ta riƙe. A cikin wannan hidima ne Rauda ta gama hutu ta koma Birni, ba a jima ba ta kwanta da zazzaɓi da amai, idonta ya koma ɗorawa. Fiddausi ta kira ubanta a waya ta gaya masa. Ya ce ta kwantar da hankalinta, gidan magani ciwon ya shigo. Ya ba wani direba gora guda ya kai musu, ya ce a ba ta safe da yamma, kuma kada su ji tsoron abin da zai fito.

Abin kuwa ya fito. Yarinya ta yi ta zubarwa ta sama da ta ƙasa har ta koma kamar tsumma. A zaunar da ita ta zube, wuyanta ba ya ɗaukar kanta, cikinta ya kumbura, ga barci ba dare ba rana, in an tashe ta sai ta kalli uwarta kamar baƙuwa. Zulkifli ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida. Kunyar suruki ta riƙe shi kwana da kwanaki, amma da ya ɗaga hannun 'yarsa ya saki ya ga ya faɗi ragwaf, sai ya saɓe ta ya nufi asibiti bai gaya wa kowa a Argungu ba.

A can aka ɗebi jininta aka auna. Likitan yara, wani matashi mai suna Izzuddeen, ya zaunar da iyayen ya yi musu bayani a hankali. Ya ce hantar yarinyar ta kumbura ta gaji, wannan ɗaya. Na biyu kuma, wanda ya fi ba shi tsoro a yanzu, akwai wani gishiri a jinin mutum da ake kira fotasiyam, shi yake ba tsoka ƙarfi, shi yake daidaita bugun zuciya, kuma amai da zawo sun kwashe mata shi. In ya ƙara yin ƙasa, ruɗewar kanta za ta ƙaru, zuciyar ma tana iya tsayawa. Za su mayar mata da shi ta ƙarin ruwa, ɗigo-ɗigo, don in aka yi gaggawa shi ma kisa yake yi. Ya roƙe su abu biyu: kada kowa ya taɓa ledar ruwan, kada kuma a ba ta komai daga gida.

Allah da ikonsa, washegari Rauda ta ɗaga hannu da kanta ta sosa hanci. Ta ce, "Umma, ruwa." Fiddausi ta juya baya ta yi kuka a cikin mayafi. Zulkifli ya fita waje ya rasa abin da zai yi, ya saya wa masu gadi goro.

Labari ba ya ɓuya tsakanin Birni da Argungu, motoci suna kai shi suna kawowa. Dikko yana tsaye gaban babur ɗinsa Sunusi mai kifi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Dakta, wai gaskiya na jikarka tana Birni an soka mata allura? To mu mi za mu yi da namu ɗiyan?" Aka kwashe da dariya. Dikko ya ji abin har ƙashinsa. Ya ji tsoro don Rauda, wannan gaskiya ne, domin ya faɗi ƙaryar allura sau dubu har ta zama gaskiya a kansa. Amma abin da ya sa ya naɗe kaya tun kasuwa ba ta watse ba, dariyar nan ce. Jikar Dakta a gadon asibiti! In ta warke a can, wa zai ƙara sayen gora?

Ya san masu gadi suna bincikar kwanuka, ba sa barin gorar magani ta wuce. Don haka ya juye maganin a filas ɗin shayi. Wannan wayon kam yana da shi. Ya shiga mota, bayan azahar yana ɗakin yara da farar rigarsa da tabarau.

Zulkifli na ganinsa ya durƙusa har ƙasa. "Baba, sannu da hanya. An zo lahiya?"

"Lahiya ta kawo ni nan?" in ji Dikko. Bai ko dube shi ba. Idonsa yana kan bayan hannun Rauda, inda aka manne allurar da filasta. "Wanga aikin wa na?"

 Zulkifli ya kafe ƙasa da ido, Fiddausi ta ja baya ta tsaya jikin bango. Rauda ce ta buɗe ido, idon nan ɗorawa shar, ta yi ɗan murmushi ta ce, "Dakta, ina kihina?"

Ana haka likita ya shigo zagaye. Da aka ce masa ga kakan yarinya, ya gaishe shi da ladabi, ya sake maimaita bayanin nan kaf, hanta, gishirin jini, bugun zuciya. Dikko ya saurara da kai a karkace, yana murmushin da yake yi wa ƙauyawa in sun taya gora da arha.

"Gishiri," ya ce. "Yanzu duk karatun ga naku, gishiri kunka gano? Ɗana, tun ba a haihe ka ba nika maganin shawara. Ba a haɗa ta da ƙarhe. Abin da ka cikinta hita za shi yi, ku kuma kuna ƙara mata ruwa."

"Baba, fitar ce ta kawo ta nan," in ji likita. "Abin da ya fita ya isa haka. Ku duba, jiya ba ta iya ɗaga hannun nan. Don Allah a bar mu mu ƙarasa."

"Allah shi taimaka," in ji Dikko.

Likita ya ɗauka an gama magana. Yana da yara cike da ɗaki, wasu biyu-biyu a gado, ya wuce gaba. Bai san cewa a wurin Dikko in ya ce Allah shi taimaka, ya riga ya yanke abin da zai yi ba.

Da aka kira la'asar aka aiki Zulkifli karɓo magani a can wani ɓangare. Saura Fiddausi. Tun da aka kwantar da yarinyar ba ta matsa daga bakin gadon ba, amma yau ubanta yana zaune, kuma 'yar fari ce a kwance. Ta yaya za ta manne mata a gabansa kamar marar kunya? Dikko ya san haka sarai.

"Tashi ki yi salla," ya ce. "Bar ni da amaryata mu gana."

Fiddausi ta miƙe. Ta dubi ledar ruwa, ta dubi ubanta. Maganar tana bakinta, Baba kada ka ba ta komi, amma ba a yi mata tarbiyyar da za ta iya furta ta ba. Ta ɗauki buta ta fita.

Dikko ya waiga. Ma'aikaciyar jinya tana can ƙarshen ɗaki tana fama da wani jariri, matar gadon kusa ta juya baya tana ba ɗanta nono. Tun da ya zauna yake lura da yadda ake murza ɗan abin nan na jikin igiyar ruwa a rage ko a ƙara. Bai zare allurar ba, don za a gani. Ya sa babban yatsa ya murza har ɗigon ya tsaya cak, ya ja zane ya rufe hannun. Ya ji wani sanyi a ransa, kamar ya ƙwace ta daga bakin kura. Sannan ya buɗe filas, ya cika murfin, ya tallafo kanta.

"Sha, amarya."

Ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Kaka, ɗaci."

"Ɗacin shi na maganin. Ke da kika kira min kasuwa, ke za ki ƙi sha? Shanye, in kin tashi in kawo miki kihi babba."

Ta rufe ido ta shanye. Ya sake cikawa, ta sake shanyewa, don Dakta ne ya ba ta. Kaɗan ya zubo ta gefen bakinta ya sauka a wuyan rigarta. Ya goge mata baki da hannun rigarta, ya ja zanen har haɓa.

"Kar ki hwaɗa ma kowa, kin jiya? Ko Ummanki. Tsakaninmu na."

Ta gyaɗa kai.

Fiddausi ta dawo ba da jimawa ba amai ya ɓalle. Ta rikice, ta tara kwano, ta dubi abin da ya fito. Ta sunkuya daidai kunnen yarinyar, kunya ko ba kunya, ta ce, "Ke, mi kinka sha?"

Rauda ta juya ido wajen kakanta. Ya ɗan kanne mata ido, irin na wasansu.

"Ba komi, Umma," ta ce.

Sai can da yamma, da ma'aikaciyar jinya ta zo canja leda ta tarar da ita cike yadda ta bar ta, sannan aka gane ruwan ya daɗe a tsaye. Matar ta ɗaga murya tana tambayar wanda ya taɓa. Dikko ya ce ai yara ba su barin abu, wataƙila ita ta murza da wasa. Yarinyar da da ƙyar take ɗaga hannu! Aka buɗe ruwa, aka kira likita, ya tambaya ko an ba ta wani abu, Fiddausi ta ce ta tambaye ta ta ce a'a. Kafin magariba zawo ya biyo baya. Dikko ya leƙa, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya ce a ransa ta fara fita. Ya yi musu sallama ya tafi unguwar Nasarawa gidan wani abokinsa, ya ci tuwon shinkafa, ya yi barcinsa har da minshari.

Da hantsi ya dawo da ƙunshin soyayyen kifi a takarda, don ya tabbata zai tarar da ita zaune tana neman abinci. Ya tarar an ja labule a gadon. Likita yana tsaye gumi ya jiƙa masa riga, Zulkifli yana durƙushe ya haɗa kai da ƙarfen gado. An kwana ana fama, ana mayar da abin da yake zuba, amma ba a mayar da shi da gaggawa, shi kuwa zawo ba ya jira. Zuciyar ta yi ta tsalle tana ɓata bugu, daga baya ta tsaya.

Ko da Dikko bai zo ba, Allah kaɗai ya san ko za ta tashi, don hantar ta sha wuya. Amma dai ranar da ya zo ta ɗaga hannu, ta nemi ruwa, ta yi wa kakanta tsiyar kifi.

Ya yi kuka, ba za a ce bai yi ba. Ya yi kuka a makabarta har aka riƙe shi. Amma kafin a idar da azahar bakin ya dawo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Zulkifli a Badariya, masu ta'aziyya suna zuwa, duk wanda ya zauna ya shafa fatiha sai Dikko ya gyara tabarau ya fara.

"Na hwaɗa musu. Wallahi na hwaɗa ma yaron ga likita da bakina, shawara ba ta son allura. Sunka ƙi ji. To ga shi nan."

Mutane suna gyaɗa kai, wasu suna cewa haka ne, tun kakanni an san wannan. Zulkifli yana gefe, uban gawa, an mai da shi mai laifi a ƙofar gidansa, kuma bai iya ɗaga kai ya musa wa surukinsa ba. Tir da wannan zama.

A cikin gida Baiwa, da ta iso daga Argungu da jin rasuwar, tana taya 'yarta kwance kayan da aka dawo da su daga asibiti. Ta ɗago 'yar rigar da Rauda ta kwana da ita, za ta ninke, sai ta tsaya. A wuyan rigar da bakin hannunta akwai tabo. Ba kalar amai ba ce, ba ta maganin asibiti ba.  Ta shimfiɗa rigar a cinyarta, ta buɗe tafin hannunta ta ajiye kusa da tabon. Kala ɗaya ce. Fiddausi ta dubi hannun uwarta, ta dubi rigar, ta tuna filas ɗin shayin da ba ta ga an sha shayi a ciki ba.

Ba a taɓa ganin mace mai zaman makoki ta fito cikin maza ba, amma Fiddausi ta fito, ko takalmi babu. Dikko yana tsakiyar ba wani baƙo labarin allura. Ta durƙusa a gabansa yadda ta saba tun tana yarinya, ta ajiye rigar a kan farar rigarsa.

"Baba, rigar Rauda ta."

Mazan suka ɗago kai. Tun da ta haife ta, yau ne aka fara jin sunan a bakinta.

"Na tambaye ta mi tas sha, tac ce ba komi. Rauda ba ta taɓa yi min ƙarya ba, Baba, sai jiya. Ta riƙe maka amana har ta mutu."

Dikko ya dubi tabon. Ya san shi, ai kalar da yake ci da ita ce. Kowa ya zuba masa ido. Da mutum ne, nan ne wurin da zai sunkuyar da kai ya ce na cuce ku, ku yafe mini. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Ai murhi biyu kawai nib ba ta. Da sun cire ƙarhen sun bari ta gama hita..."

Zulkifli ya miƙe. Bai zage shi ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ɗauki rigar 'yarsa daga cinyar surukinsa, ya kama hannun matarsa, suka shiga gida, ya rufe ƙofa. Masu ta'aziyya suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu, har aka bar Dikko shi kaɗai a kan tabarma.

Baiwa ba ta bi shi Argungu ba, tana Badariya wurin 'yarta har yau, kuma rawayar hannunta ta goge. Shi yake dakansa yanzu, yana haki, farar rigar ta yi dabbare-dabbare. Wasu sun daina saye, amma ƙauyuka suna da yawa, shawara kuma ba ta ƙare ba. In an tambaye shi labarin jikarsa yakan girgiza kai ya ce asibiti ne suka kashe masa ita da allura, har ya share hawaye, kuma hawayen na gaske ne.

Sunusi mai kifi ya taɓa ce masa ya ji tsoron Allah ya canja abin da yake cikin lasifikar nan. Dikko ya ce ya gwada sa tasa muryar, mata ba sa juyowa. Don haka duk ranar kasuwa, in ka bi ta wajen masu kifi, za ka ji ta, 'yar siririyar murya tana dariya a ƙarshen magana: "Shawara, tattara kayanki, Dakta ya zaka!" Mata masu goyo suna jin ta, su juyo, su nufi babur ɗin.